Rodin da ke Gefen Gwiwar Auta

Ƙanena ba irin mutumin da ake rubuta labarinsa ba ne, shi ya sa zan rubuta, don in na bari babu mai yi. Shekarunsa saba'in da ɗaya, na ba shi shida. Auta muke ce masa a gida har yau, duk da sanƙo ya cinye kan, haƙoran gaba kuma sun yi ritaya. A waje Mai Koriya ake kiransa, saboda koriyar motarsa. Ni a ɗakin gaba na gidansa nake zaune. Aure uku na yi, biyu Allah ya karɓi abinsa, ɗaya ni na mayar wa uwarsa. Tagata tana kallon ƙofar gareji, don haka duk abin da zan faɗa da idona na gani, ban da ɗan abin da na ƙara.

Lokacin da Auta ya koyi kanikanci, motocin garin nan ba su cika ashirin ba, kuma kowa ya san ta kowa da kuka tun kafin ta ɓullo. Kwalta ɗaya ce tak, daga tashar jirgin ƙasa zuwa kamfanin sabulu. Ranar da aka kafa danja ta farko mutane suka rufe shaguna suka zo kallon fitila tana canza launi. Motar da ta fara tsayawa a kan ja ita ce Koriya, sabuwa fil, manajan kamfanin sabulu a baya yana karanta jarida, Auta a sitiyari yana ɗan shekara ashirin, wuyansa kamar na zakaran da aka fige. Akwai hoton. Yana rataye a garejin, ƙudaje sun yi masa ado.

Doguwar mota ce mai ƙofa huɗu, fitilunta zagaye kamar idon wadda aka gaya wa gulma, giyarta a jikin sitiyari, kujerar gaba ɗaya ce doguwa kamar benci. Shekara goma sha biyu yana tuƙa manajan. Da aka rufe kamfanin, mutumin ya tattara ya tafi, ya bar masa motar da makulli biyu, bai ko waiwaya ba. Auta ya buɗe ɗan garejinsa a gefen gida, ya yi aure, aka haifa masa 'ya ɗaya.

Bayan shekara uku jak ya goce, babbar mota ta sauko masa a ƙafar hagu. Ba a yanke ba. Ta warke, tana takawa da ɗan ɗingishi, amma gwiwar ta daina danna komai. Kulocin Koriya kuwa, wato fedar hagu da ake takawa kafin a canza giya, tauri gare shi kamar zuciyar mijina na biyu. Wata takwas motar na tsaye.

Sai ya ɗauko ƙafar tsohon gadon ƙarfe na mahaifiyarmu, ya lanƙwasa, ya huda ƙasan motar daidai gefen gwiwarsa, ya zura rodin, ya haɗa shi da kuloci ta ƙarƙashi. Ya yi masa 'yar ƙugiya. In ya ja rodin baya sai ya maƙale, ya sa giya da hannun, ya dawo ya saki a hankali. Wanda ke zaune a baya ba zai taɓa sanin ba ƙafa ce ke aiki ba. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ta ce ranar da ya yi hudar nan bai ci abinci ba, kamar wanda ya huda cikin ɗan'uwansa. Shekara talatin da biyar da rodin nan ya yi tuƙi. Da shi ya kai 'yarsa gidan miji, da shi ya kai matar asibiti tafiyar da ba ta dawo ba.

Yanzu bari in zo kan mutanensa. Tsofaffi ne su tara, wani lokaci goma in wani bai kwanta ciwo ba, kowa da tsohuwar motarsa. Duk Lahadi da safe suna haɗuwa a wani gidan mai da aka daɗe da rufewa, inda famfunan suka yi tsatsa. Su jera motoci, su ɗaga bonet, su buɗe fulas ɗin shayi, su yi ta musu a kan shekarar da aka ƙera madubi. Shugabansu likitan haƙori ne da ya ajiye aiki. Akwai kuma Mai Fenti, gajere, wanda ke shafa jikin mota da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓi. Kalma ɗaya suke bautawa: asali. Noti ma in ba na kamfani ba ne, kallonsa suke kamar ɗan da ba a san ubansa ba. Likita yana iya gane madubin bogi daga tsallaken titi, amma shekara biyu bai lura matarsa ta fara sa tabarau ba.

Duk cikinsu Auta ne mai ƙaramin ƙarfi, kuma shi aka fi girmamawa, don shi ya san motocin nan suna amare. Ya san wanda ya fara sayen kowacce, da wadda ta kife a gada, da wadda aka ɗauko amarya a ciki ta haihu kafin a sauke ta. In ya fara ba da labari har shayi ya huce. Amma kullum shi ne na farkon zuwa, shi ne na ƙarshen tafiya, kuma da ya tsaya sai ya yafa tawul a kan rodin. Babu wanda ya taɓa ganin ya tashi motar. Sun ga rodin kam, ai masu leƙe ne. Sun ɗauka wani birkin hannu ne na ƙari. In sun tambaya sai ya ce, "Gyaran wucin gadi ne. Wata rana zan mayar da ita yadda ta fito daga kamfani." Shekara goma sha ɗaya yana gaya musu haka.

Bara ƙirjinsa ya riƙe, aka tsaga shi aka ɗinke. Daga asibiti 'yarsa ta wuce da shi garinsu jinya. Bai yi mako biyu da tafiya ba sai ga Likita da Mai Fenti a ƙofata, suna murmushi kamar masu neman aure.

"Yayarmu, makulli muka zo karɓa," in ji Likita.

"Na gida ko na zuciyata? Na zuciyar ya yi tsatsa, sai an zuba mai."

"Na Koriya. So muke kafin ya dawo mu cika masa burinsa."

"Wane buri? Wannan burinsa bai wuce a bar shi ya yi gyangyaɗi ba."

"Mayar da ita asali," in ji Mai Fenti, ya rage murya kamar mai faɗin sunan surukarsa. "Kada ki gaya masa, don Allah."

Na ba su. Na san rodin nan sarai, a kan gadon aka haife ni. Amma ban kawo shi a raina ba ko sau ɗaya. Abin da na ce musu kawai shi ne su dawo min da maɗaurin makullin, nawa ne.

Wata huɗu Auta ya yi a can. Ya dawo a rame, rigarsa na yawo a jikinsa. Washegari da hantsi su tara suka zo, suka tsaya a layi a gaban gareji kamar 'yan makaranta, aka yaye tampol. Ni da ba na son mota sai da na ce kai. Koren ya dawo kamar ganyen da ruwa ya wanke, ƙarafan gaba suna ɗaukar ido. Likita ya riƙe hannun Auta yana zagayawa da shi yana bayani. Ƙasan motar ya yi tsatsa a gefen ramin, don haka sun nemo sabon farantin ƙarfe na asali daga wata irinta a ƙasar waje, wata biyu yana kan teku. Kafet ma launin kamfani ne, sun gwada da hoto.

"Wannan ƙarfen kuwa mun raba ka da shi," in ji Likita. "Ka huta da tawul."

"Yana ina?" Auta ya tambaya.

"Masu sayen tsohon ƙarfe sun yi gaba da shi tuni."

Ya buɗe ƙofa ya zauna. Ina tsaye daidai tagar motar. Hannunsa na hagu ya tafi da kansa inda ya saba zuwa, ya kama iska, ya tsaya a nan ɗan lokaci, sannan ya dawo kan cinya. Ya ɗora ƙafar a kan kuloci. Na ga cinyar tana rawa a cikin wando. Fedar ta sauka kamar faɗin yatsa biyu, ta tsaya. Ya janye ƙafar. Ya tabbatar giya na furi, ya murɗa makulli, injin ya tashi lafiya lau. Ya karkata kai yana saurare.

"Ta yi," ya ce. "An gode."

Suka yi tafi. Mai Fenti har da share ido.

"Zagaya da ita mana, Mai Koriya!"

"An hana ni tuƙi tukuna," ya ce. Babu wanda ya hana shi.

Na yi zaton zai yi faɗa, ko ya zage ni, ni da na ba da makulli. Da ya yi da na ji daɗi, don na tanadi amsa. Bai yi ba. In an ajiye abinci ya ci, in ba a ajiye ba bai tambaya. Da safe ya shiga gareji ya goge motar da ba ta da ƙura, ya fito ya zauna a kujerar roba yana kallon bango. Na tsokane shi da sanƙo, na tsokane shi da haƙora, na ce bazawarar layin baya tana tambayarsa. Sai ya ce, "To, Yaya." Ni ma a kwanakin nan ban ji komai ba, gaskiya. Kamar an ba mu allurar Likita mu duka biyu, muna taɓa fuska muna jin kamar ta wani ce.

A mako na uku na ji ƙarar guduma, na ce alhamdu lillahi. Ya samo rodi, kwana biyu ya lanƙwasa shi, ya yi masa ƙugiya. Ya ɗaga gefen kafet, ya auna, ya yi alama da alli. Ya jona injin huda ƙarfe a wuta. Ina ɗaki ina jiran ƙara, shiru. Da na leƙa na same shi zaune a bakin ƙofar motar, injin a kan cinyarsa kamar jinjiri.

"Wuta aka ɗauke?"

"Akwai wuta."

"To huda mana. Ko sai an kira 'yan jarida?"

"Yaya, kin san shekara nawa ina son in gan ta haka?"

"To ka gan ta."

"Na gan ta."

"Sai me? Za ka dafa ta ne?"

Ya shafa farantin da tafin hannu. "Babu irinsa kuma. Wannan ne na ƙarshe da suka samu."

"Kunyar tsofaffin nan kake ji?"

"Har da ita. Amma ba ita ba ce. Hannun ne ya ƙi."

Ya lashi yatsa ya goge allin, ya mayar da kafet, ya naɗe wayar injin.

Ranar Alhamis na yafa mayafi na tafi gidan Likita. Na same shi yana wanke filogi a kwanon da nake kyautata zaton na kicin ne. Ban zauna ba na gaya masa abin da rodin yake yi. Ya ɗago kai daga kwanon.

"Me ya sa bai taɓa faɗa ba?"

"Ku kun taɓa tambayar ƙafarsa? Shekara goma sha ɗaya mutum yana ɗingishi a gabanku, ku kuna leƙa cikin inji."

"Wallahi, Yayarmu, mun ɗauka birki ne."

"Ai na sani. Da mutum noti ne da tuni kun gano ciwonsa."

Ya ajiye filogin. Ya goge hannu. Na ga yana tunani, na ce to, yanzu zai ce a je a huda. Sai ya ce, "Ba sai an taɓa farantin ba. Ni zan riƙa zuwa duk Lahadi in tuƙa shi."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, shi ne abin haushin.

Ran Lahadi Likita ya zo da farar riga. Na ce ni ma za ni, ban taɓa ganin wurin ibadarsu ba. Na shiga baya inda manaja ke zama. Auta ya zagaya ya buɗe ƙofar da bai taɓa shiga ta ita ba tun yana ɗan shekara ashirin, ya zauna, ya haɗa hannuwa a kan cinya. Likita haƙori ya iya, ban hana shi ba. Amma duk giyar da zai sa sai motar ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa.

"Tana da ɗan taurin kai," in ji shi.

"Uhm," in ji Auta.

"Ko kuloci ne bai gama zama ba?"

"Ka ƙara jira kaɗan kafin ta biyu."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan har muka isa. A gidan man aka kewaye Koriya ana ɗaukar hoto. Likita ya riga ya gaya musu, don kowa yana gaishe da Auta da irin muryar da ake gaisuwar mara lafiya, kowa kuma idonsa na zamewa zuwa ƙafar. Aka ba shi kujera, aka ba shi shayi. Wani ya tambaye shi wace shekara aka yi shataletalen kasuwa, ya faɗi shekarar kawai. Da can wannan tambayar sai ta ci awa guda, har da sunan wanda ya fara zagaya shi ta baibai. Mai Fenti ya zo ya tsuguna kusa da shi, sannan ya tashi ya je yana shafa bayan motar.

Lahadin da ta biyo Likita ya zo, Auta ya ce ƙirji. Wadda ta biyo ma ƙirji. Ya daina shiga garejin ma. 'Yarsa ta kira ni ta ce muryar babanta ba ta yi mata ba, ko a mayar da shi asibiti? Na ce a bari tukuna, ciwon ba na can ba ne.

Wata Talata da safe, yana ɗaki a kwance ido biyu, na ɗauki makulli a ƙusar da yake rataye shi. Na shiga gareji na zaɓi guduma mai ɗan nauyi da wata ƙatuwar ƙusa. Durƙusawa a shekaruna aiki ne, sai da na yi shawara da kowace gwiwa daban. Na ɗaga kafet ban ga alli ba, na kintata. Bugun farko na sami ɗan yatsana. Na biyu ƙusar ta goce ta karce fenti. A na bakwai ko na takwas ta shige, har na ga ƙasan gareji ta ramin.

Da na ɗago yana tsaye a ƙofa, ba takalmi. Na riƙe gudumar da kyau, ba don zan buge shi ba, don dai in sami abin riƙewa.

Ya matso. Ya sunkuya, ya daɗe yana kallo. Ya sa ɗan yatsa a ramin, ya taɓa kartar da ke gefe.

"Yaya."

"Na'am."

"Ba nan ba ne."

"To ina ne?"

Ya auna da yatsu uku zuwa gaba. "Nan."

"Ai da ka bar allin."

"Yanzu rami biyu za a yi ke nan."

"Nawa ka toshe da cingam. Ɗaga ni, ƙafata ta mutu."

Ya ɗaga ni. Fuskarsa ba fushi, ba murna, kamar wanda aka gaya wa farashin abin da ba zai saya ba. Ya koma ciki, na ce shi ke nan, na ɓata mota a banza. Sai ga shi ya fito da takalmi da tsohuwar rigar aiki. Ya warware wayar injin huda, ya jona. Wannan karon bai auna sau biyu ba. Ƙarar ba ta fi ta ɗan lokaci ba, garin ƙarfe ya zuba a kan kafet ɗin kamfani.

Sauran aikin ta ƙarƙashi ne. Ya shimfiɗa kwali ya kwanta, da ɗinkin ƙirjin da komai, ni ina sama ina riƙe da rodin.

"Karkata hagu."

"Hagunka ko haguna?"

"Hagun mota, Yaya."

"In ka mutu a ƙarƙashin nan ni ba zan iya jawo ka ba, ka sani."

"Miƙo sifana goma sha uku."

"Ni na san lambarsu? Ga su nan duka."

Sai bayan azahar muka gama. Ya wanke hannu da kananzir, ya buɗe ƙofar gareji duka biyu, ya shiga ya zauna. Ban jira gayyata ba na shiga gefensa. Ya ja rodin, ya maƙale, ya sa giya, ya saki. Motar ta yi tsalle ta mutu. Ya sake, ta sake mutuwa a bakin ƙofa, gabanta a titi bayanta a gida. Mai shagon da ke kallonmu ya taso zai tura, Auta ya ɗaga masa hannu. A na uku ta tafi.

Muka gangara layin a hankali. A kwana muka tarar da motar kwasar shara ta tare hanya, muka bi bayanta, warin yana shigowa ta taga. Ya ja rodin ya sa ta biyu, ta shiga ba ƙara, sai dai sabon ƙarfen yana ɗan kuka a bakin ramin.

"Ƙugiyar tana kamawa da wuri," ya ce. "Sai an goge ta."

"Likita fa? Wa zai gaya masa?"

"Zai gani."

Na tambaye shi ina za mu, ya ce mai za mu sha, allurar man ta kwanta. Yatsana ya kumbura yana zogi. Ta ramin da na huda iska tana shigowa, tana kaɗa masa ƙafar wando.